Ina Aka Taɓa Auren Uban Ƙani?

Tun da hantsi Balki take taka keken ɗinki tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta ɗinke hannun rigar mutane a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai, sannan ta kama dariya ita kaɗai.

Mahaifiyarta, Inna Kaltuma, tana kan tabarma tana ba autarta Ummi nono. Ta ɗago ta dube ta.

"Ke ƴar nan, in kin lalata wa mata yadi, da haƙoran nan da kike ta bajewa za ki biya su?"

"Inna, yau dai ki ƙyale ni. Ko allura ta soke ni ba ji zan yi ba."

Inna ba ta faɗin sunan Balki, don ita ce ƴar fari. Tun tana zanen goyo "ke ƴar nan" take, har ga shi ta isa ɗakin miji.

Murnar kuwa tana da dalili. Jiya bayan la'asar mahaifinta, Malam Salisu baduku, wanda duk Birni aka san jakunkunansa, ya buɗi baki ya ce masoyinta Suma'ila ya turo magabatansa da zarar an shigar da hatsi. Wannan kalma Balki ta daɗe tana jira. A can baya Baba ya ƙi, ya ce yaron ba shi da sana'a. Suma'ila ya haƙura, iyayensa suka aura masa Maryama, ya sami aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Gaffati, kowa ya koma kiransa Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. Farkon damina Maryama ta rasu wurin haihuwa, Allah ya jiƙanta, ta bar jariri namiji da ake kira Nomau. Ita kuwa Balki duk tsawon shekarun nan ba manemin da ba ta samo wa aibi ba. Wannan gajere ne, wancan yana tauna da ƙara, wani kuma wai dariyarsa ba ta yi mata ba. Baba dai ya gane karatun, ya sauko.

Mutum ɗaya ce maganar ba ta yi wa daɗi ba, kuma sai ga ta ta yi sallama tana jan takalmi. Gwaggo Indo ke nan, yayar Baba, wadda tun Balki tana rarrafe take kiranta surukarta. Ɗanta Mahamud malami ne a wata Islamiyya a Mirriya, kuma a lissafin Gwaggo tuni an gama komai, ranar kawai ba a sa ba.

"Kaltuma, har yanzu ana nan ana fama?" in ji ta, tana leƙa fuskar Ummi. "Mace da ya kamata a ce jika take goyo, ta tashi ta yi wa ƴarta ƙanwa. Ni kunya ma ba ta bari in faɗa a unguwarmu."

"Kyautar Allah ce, Yaya," Inna ta ce tana murmushi. "Ga tabarma."

Gwaggo ba ta kai ga zama ba wayar Balki ta yi ƙara. Tana ganin sunan ta juya baya tana gyara ɗankwali, sai ka ce ta waya ake ganin mutum. Amma murmushin bai daɗe ba.

"Balki, muna likita," in ji Suma'ila. "Nomau ne. Tun jiya duk abin da ya sha sai ya dawo. An ba mu gado."

Inna ta ce ta je, amma ba ita kaɗai ba. Gwaggo ta ce ai ga ta, ita ma ladan dubiya take so. Suka tari adaidaita suka nufi asibitin Kara-Kara.

Suna shiga Balki ta leƙa gadon yaron. Nomau da ta sani mai kumatu ya koma ƴar mitsitsiyar halitta, maɗiga ta faɗa, ko kukan kirki ba ya iyawa. Suma'ila yana tsaye a kansa riƙe da bibero, kwalbar da yake ba shi madara da ita, ga gwangwanaye iri-iri a cikin leda.

Majo Raudatu, babbar ma'aikaciyar wurin, mace ce mai faɗar magana a tsaye.

"Bon, Mushe, ka saurare ni. Madarar gwangwani ba guba ba ce. Yara nawa ta raya a garin nan, in dai an tafasa ruwa an wanke bibero? Kai kuma na ga kana yi, har ka fi wasu uwayen. Amma cikin yaron nan ya ƙi ta. Mun sauya iri, ya mayar. Mun sake sauyawa, ya mayar. Ruwan da muka sa masa zai tashe shi yau, amma ba da shi zai girma ba. Ka nemo mace mai shayarwa, mai lafiya, mu duba ta, ta riƙe shi."

"Madam, na nema," ya ce. "Wata mijinta ya hana. Wata nata ɗan ma bai ishe shi ba. Mahaifiyata kuwa tsufa ya kama ta."

Nan Gwaggo Indo ta gyara mayafi. Abin nema ya samu, wai matar falke ta haifi jaki.

"Ikon Allah," ta ce da wata murya mai laushi da ba a san ta da ita ba. "Ga nono can yana zuba a gidan ƙanina har yana jiƙa riga. Kaltuma ai ko tagwaye ne ta ishe su. Maraya ne fa, bayin Allah. Wa zai ga maraya a haka ya kau da kai?"

Majo ta tafa hannu. "Wala, shi ke nan! Madam Kaltuma ta Birni? Ai a hannuna ta yi awo, lafiyarta ƙalau. An gama."

Fuskar Suma'ila ta washe. Balki ma har ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai Gwaggo ta saki ajiyar zuciya.

"Sai dai fa abu guda, kada a ce ban faɗa ba. In ya sha nonon Kaltuma ya zama ɗanta. In ya zama ɗanta ya zama ƙaninki, Balki. To uban ƙaninki kuma mene ne naki? Ina aka taɓa auren uban ƙani?"

Majo ta ce ita dai allura ta karanta, wannan ba fanninta ba ne, ta wuce gado na gaba. Suma'ila ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya ga ta zauna daram. Kowa ya san nono yana haramta aure. Kowa ya san ƴan'uwan da aka raba saboda shi. Garin Damagaram da malamai kamar a yi yaya, amma ba wanda ya ce a je a tambaya, don mutum ba ya tambayar abin da yake ganin ya riga ya sani.

Balki da Suma'ila suka fito gindin bishiyar dogon yaron da ke harabar, Gwaggo tana daga nesa tana jan carbi tana satar kallonsu.

"Ba zai yiwu ba," Suma'ila ya ce. "Akwai wata madarar, ta musamman, an ce ana samu a Yamai. Zan sa a aiko. In babu a can, zan sa a duba Kano."

"Yaushe za ta iso?"

"Ban sani ba. Cikin satin nan, in Allah ya so."

"In ta iso shi ma ya mayar fa?"

Ya kau da kai.

"Mushe, dube ni. In ya mayar fa?"

"Balki, kin san abin da kike cewa kuwa? Na rasa ki sau ɗaya, na yi haƙuri, na ce haka Allah ya rubuta. Jiya-jiya Baba ya amince. Ko barci ban yi ba don murna. Yau kuma ki ce in ɗauki ɗana da hannuna in kai shi inda zai raba ni da ke har abada? Wannan ba irin rabuwar da ake komawa ba ce fa. Ba sulhu, ba biko."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ka ɗauka ni ba na so? Wallahi ina son ka, Suma'ila, son da ban taɓa ɓoye wa kowa ba, har Baba. Mutum nawa na kora saboda kai? Amma ka ce mu jira mota daga Yamai, yaron nan yana kwance ido a kafe? In ya mutu muka yi aure, da wane ido zan dube ka? Kullum na shiga ɗakinka sai in tuna da abin da muka biya."

"Kada ki ce zai mutu."

"To kada ka sa in faɗa."

Ya dafe kansa da hannu biyu. Namiji guda, mai tsawata wa aji cike da yara, ya tsuguna a gindin bishiya yana kuka kamar ɗaya daga cikinsu.

"Maryama ta bar mini amana," ya ce da ƙyar. "Ke kuma ke ce raina. Wanne zan saki?"

"Ba kai za ka saki ba. Ni zan ɗauke shi, don kada wata rana ka ce kai ka yi."

Da la'asar, bayan ruwan ya ƙare Majo ta sallame su, Balki ta goya Nomau da zanenta. Suma'ila ya biyo su har bakin titi da ledar gwangwanayensa, ya rasa ko ya miƙa mata ko ya riƙe. Ƙarshe dai ya riƙe.

A gida suka tarar da Baba ya dawo daga rumfarsa. Gwaggo ta zayyana komai, har da ƙarin gishiri. Baba ya ɗago ya dubi Inna.

"Rai ya fi aure," ya ce a hankali. "Kaltuma, na yarda in kin yarda. Amma yarinyar nan ita za ta faɗa da bakinta."

Balki ta kwance goyon, ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta miƙa shi. Inna ba ta karɓa ba tukuna. Ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Balki," ta ce.

Kowa ya ɗago. Ita kanta mai sunan sai da ta waiga, kamar wata ake kira.

"Balki, kin san in ya kama shi ke nan? Ba a mayar da nono."

"Na sani, Inna. Ba shi."

Inna ta yi bisimilla ta karɓe shi. Da fari ya kau da kai, ya saba da robar bibero. Ta matsa kaɗan ta shafa masa a leɓe. Ya lasa, ya yi jim kamar mai tunani, sannan ya cafke da wani irin ƙarfi da ba a san yana da shi ba.

"Wayyo!" Inna ta ce. "Wannan ai ba maraya ba ne, ɗan fashi ne!"

Duk aka fashe da dariya, har Baba. Balki tana dariya hawaye na zuba, ita kanta ba ta san wanne ne na murna wanne ne na baƙin ciki ba. Aka zauna ana jiran ya mayar. Bai mayar ba. Ya yi gyatsa, ya saki jiki, ya yi barci da bakinsa a buɗe.

Kwanakin da suka biyo baya gidan Malam Salisu ya koma gidan kallo. Nomau ya murmure kamar an hura shi. Kumatu suka dawo, wuya ya yi layi-layi, muryar da ba ta fita ta koma tashin maƙwabta. Ummi, mai nono na asali, ta ga an kawo mata abokin tarayya, ta ce ba ta san zancen ba. In an ɗora shi a dama sai ta miƙo ƙafa daga hagu ta shure shi, shi kuma ko a jikinsa, sha kawai yake. Baba ya shiga sayo wa Inna ƙafar sa da gumba, yana cewa masu aiki biyu sai da ci biyu. Matan unguwa suna shigowa ganin Kaltuma mai tagwayen da ba ta haifa ba.

Balki ita ke wanka, ita ke goyo, ita ke wankin tsumma. In yaron ya ƙyalƙyale mata da dariya sai ta ji duniya ta yi mata daɗi. In ta ga goshin ubansa a fuskarsa sai ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito. Ba ta yi nadama ba ko sau ɗaya, amma ciwon yana nan.

Suma'ila kuwa kullum ya taso daga Gaffati sai ya tsaya a zaure, a miƙo masa ɗansa ya gani. Ya daina tambayar Balki, ita ma ta daina fitowa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Gwaggo Indo ba ta yi sanya ba. Ta bari ƙura ta ɗan lafa, sannan ta aika Mirriya cewa Mahamud ya zo ranar Juma'a, akwai magana.

Shi Mahamud taubashin Balki ne, ɗan mace da ƴar namiji, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa an rabu lafiya ba. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ya taɓa aiko mata da ƙunshi mai kyau a ranar salla, ta buɗe ta tarar da ƙwaron buzuzu. Ita kuma ta taɓa ɗinke masa ƙafar wando ɗaya ya tafi masallaci yana tsalle. Yana sallama ya hango ta da goyo.

"A'a! Baiwata, yaushe kika haihu ba a gaya wa ubangijinki ba? Kuma ɗan ya fi ki kyau, alhamdu lillahi."

"Ka ji shi, ƙaton banza. Wa ya buɗe maka ƙofa?" ta ce, amma muryar ba ta da kuzarin da ya sani. Ya lura, ya bar tsokanar.

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna a tsakar gida. Baba a kan kujerarsa, Inna da Ummi a cinya, Balki a rakuɓe da Nomau. Gwaggo ta buɗe taro.

"To, Salisu, abin da Allah ya yi ya yi. Wancan aure dai ya haramta, kowa shaida ne. Yarinya ba za ta zauna haka ba. Ga ɗan'uwanta, malami, ɗan gida. Tuwona maina. Sai a sa rana."

"Wane aure ne ya haramta, Inna?" Mahamud ya tambaya.

Gwaggo ta kwashe labari ta faɗa masa, tana kaiwa ƙarshe ta ɗaga yatsa: "Ina aka taɓa auren uban ƙani?"

Mahamud ya gyara zama. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi Balki da ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun jaririn. Akwai abin da ba kowa ya sani ba a gidan: duk tsokanar nan da yake yi mata, son ta yake, tun ba yau ba. Ga ta an miƙo masa a faranti. Abin da ake nema daga gare shi kawai ya yi shiru.

Ya cire hula, ya share goshi, ya mayar.

"Kawu, wa ya ba da wannan fatawa?"

"Fatawa kuma? Ai abu ne a fili," in ji Baba.

"Wane malami aka tambaya?"

Aka dubi juna. Gwaggo ta ce, "Kai, ana maganar manya kana kawo tambayar ƴan makaranta."

"Inna, ki gafarce ni. Kawu, auren nan bai haramta ba."

Balki ta ɗago a fusace, idonta ya kawo ruwa.

"Mahamud, don girman Allah ba yau ba. Ka yi mini buzuzu na haƙura, ka yi mini komai na haƙura. Wannan ba abin wasa ba ne. In ba ka tausaya mini ba, ka ji kunyar Baba."

"Ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar da ka ce mini an ga wata, na sha ruwa da rana tsaka!"

Inna ta toshe baki da mayafi. Baba ya yi tari don kada dariya ta ƙwace masa. Mahamud ya ga lallai yau halinsa ya kama shi. Ya miƙe tsaye, ya fuskanci gabas.

"Wallahi, tallahi, Balki, ba wasan taubashi nake miki ba. Ki saurara. Haramcin nono a kan wanda ya sha yake sauka, shi da ƴaƴan da zai haifa. Ba ya hawa sama ya kama ubansa, ba ya tsallakawa ya kama ƴan'uwansa. Nomau ne ya sha. Suma'ila ya sha?"

"Subhanallahi!" Inna ta ce tana jan mayafi. "Wane irin zance ne wannan?"

"To shi ke nan. Nomau ɗan Inna Kaltuma ne, ƙaninki ne, har abada. Amma ubansa ba ubanki ba ne, bai haɗa komai da ke ba. Malamai sun faɗe ta da sunanta: mutum yana iya auren ƴar'uwar ɗansa ta nono. Aure ɗaya ne tak ya mutu a gidan nan."

"Wanne?" Baba ya tambaya.

"Na Nomau da Ummi. Su kuma na ga alama ko an ɗaura ba zai yi ƙarko ba, ga ta can tana harbinsa."

Baba bai tsaya dariya ba. Ya zura takalmi ya ce shi sai ya ji daga bakin liman, don an riga an ruɗe shi sau ɗaya. Gidan liman ba nisa. Kafin ya dawo Gwaggo ta yi ta fifita da gefen mayafi tana hararar ɗanta. Balki kuwa ta ƙanƙame Nomau har sai da ya yi ƙara.

Sai ga Baba ya shigo yana dariya tun daga zaure.

"Liman ya ce in gaishe da Mahamud. Ya kuma ce in tambaye ku, gidansa ƙaura ya yi da ba a gan shi ba sai yau?"

Inna Kaltuma, mace mai kunyar ƴar fari, ta manta da kunya ta rangaɗa guɗa har Ummi ta firgita. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Balki ta faɗi ta yi sujada da goyo a hannu, ta tashi, ta rasa wanda za ta runguma, ta rungume Gwaggo Indo.

"Sake ni, ja'ira!" Gwaggo ta ce. Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma, na biya maka karatu don ka zo ka kwance mini zane a kasuwa? Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni zan sani, Inna. Gobe in zauna gaban yara in karantar da babin shayarwa, in tsallake layin?"

Gwaggo ta yi ƙwafa. Can kuma ta miƙa hannu ta karɓi Nomau, ta ɗaga shi tana jinjina nauyinsa.

"Oho dai. Ko ba komai ni na kawo shawarar, ga shi yaro ya zama mutum. A rubuta ladan da sunana."

"An rubuta, Yaya," in ji Baba.

Balki ta sami Mahamud a bakin randa yana shan ruwa, ya juya wa mutane baya. Ta tsaya a bayansa.

"Yaya Mahamud."

"Yau kuma ni ne Yaya? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Me ya sa ka faɗa?"

Ya ajiye moɗa. Ya so ya yi dariya, ba ta fito daidai ba.

"Na ga yadda kika ba da shi don jaririn da ba ke kika haifa ba. Sai in karɓe ki da ƙarya? Je ki, baiwata, na ƴanta ki. Amma ɗinkin rigunana kyauta ne har in mutu."

"Da ƙafar wando a buɗe?"

"Da ƙafar wando a buɗe."

Ta yi dariya, ta share ido. A daidai lokacin aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, sannan sallamar da kowa ya sani, a sanyaye kamar kullum. Suma'ila ne ya zo ganin ɗansa, bai san wainar da ake toyawa ba.

Inna ta yunƙura za ta sa a kai masa yaron. Baba ya ɗaga hannu.

"Bar ta ta kai shi da kanta."

Balki ta gyara ɗankwali, ta karɓi Nomau daga hannun Gwaggo, ta nufi zaure. Suma'ila yana tsugune a bakin ƙofa. Da ya ga ita ce sai ya miƙe da sauri ya kau da kai, ya kafa ido a bango.

"Ina wuni," ya ce wa bangon. "Na zo ganin yaron ne kawai. Ba zan daɗe ba."

"Lafiya lau, Mushe. Ga shi."

Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba. Ba ta saki yaron ba. Ya ja kaɗan, ta riƙe. Dole ya juyo, ya ga fuskarta jiƙe da hawaye, ga kuma dariya har kunne, ga kawunan mutanen gida sun jeru a bayanta suna leƙe.

"Balki, lafiya? Me ya faru?"

"Ƙanina ne ya aiko ni," ta ce. "Ya ce a tambayi babansa, hatsi dai an shigar. Yaushe za a turo neman auren yayarsa?"